Allon kuɗin sarakunan Ingila a kasuwar Lekki: abin saye da abin bari

A kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, wadda mutanen Legas suka fi kira kasuwar Jakande, tsakanin rumfunan duwatsun wuya da jakunkunan fata da sassaƙe-sassaƙe, akwai 'yan kasuwa masu ajiye tsoffin kuɗin zamanin Turawa, kuma da yawansu mutanenmu ne na Arewa. Kashi biyu suke sayarwa. Akwai na zube a tasa, ka tsuguna ka tona da kanka. Akwai kuma wanda aka jera a kan kwali ko allo mai ƙyallen karammiski, aka rufe da gilashi ko leda, aka rubuta sunan kowane sarki a ƙarƙashin kuɗinsa, daga Biktoriya har Elizabet. Wannan allon ne ake nuna wa baƙi da masu neman tsaraba, shi ne kuma abin dubawarmu.

Yawancin kuɗin da ke kan allon na gaske ne. Anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da dala ba su yi tsadar da wani zai ɓata lokacinsa yana yin jabunsu yau ba. Inda ake cutuwa shi ne labarin da ake haɗawa da su, da farashin da labarin ke jawowa, sai kuma yadda aka wanke su aka manna su. Sa'ar mai saye ita ce gidan sarautar Ingila yana da al'adu masu tsauri game da abin da ake bugawa a kan kuɗi. Wanda ya san al'adun nan zai karanta kuɗin da kansa, ba sai ya jira bakin mai rumfa ba.

A fara da gurbin farko, na Sarauniya Biktoriya, don nan ne aka fi yin aringizo. Ta hau gadon sarauta a 1837, ta rasu a Janairun 1901, shekara 63 ke nan. A zamaninta ne, a 1861, Ingila ta karɓe Legas daga hannun Oba Dosunmu, sunanta ne kuma ke kan Victoria Island. Amma ba a taɓa buga kuɗi mai huji na Afirka ta Yamma da sunanta ba, domin na farko ya fito ne a 1907, shekara 6 bayan rasuwarta. Abin da ya yi yawo a Legas a zamaninta kuɗin Ingila ne kansa. Saboda haka idan mai rumfa ya ɗago kwabo mai huji ya ce, "Yallaɓai, wannan tun zamanin Biktoriya," ka juya shi ka karanta sunan da ke zagaye da hujin. Sulenta na gaske ba shi da huji, fuskarta na kallon hagu, kuma kamanni uku take da su: budurwa da gashi ɗaure a ƙeya har zuwa 1887, sai mai ɗan ƙaramin kambi daga bikin cikarta shekara 50 a kan mulki, sai tsohuwa mai lulluɓi daga 1893. Lulluɓin nan na takaba ne. Mijinta Albat ya rasu a 1861, ita kuwa ba ta sake cire baƙaƙen kaya ba har ta bar duniya.

Wannan lulluɓin ne ke jawo wani ruɗanin. A wasu allunan za ka ga ƙaton kuɗin azurfa mai hoton mace mai jiki da lulluɓi, an rubuta Biktoriya a ƙasansa. Liyari ne, irin wanda kakanninmu suka yi fatauci da shi, mata suka yi ado da shi. Matar da ke jikinsa Mariya Tereza ce ta Ostiriya, ba ta da alaƙa da gadon sarautar Ingila. Sunanta na rubuce a gefen hoton, a bayansa akwai gaggafa mai kai biyu. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nuna tsufa, don an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a ƙasashe daban-daban har zamaninmu. Kaya ne mai kyau, nauyinsa giram 28, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ne. A saye shi da sunan liyari, a kan kuɗin azurfarsa.

Ɗanta Edwad na 7, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, shi ne sarkin farko a kan kuɗinmu masu huji. Babu hotonsa, kambi ne kawai a saman hujin, sunansa a zagaye, sai darajar kuɗin da Turanci da kuma haruffan Larabci a ƙasa. A baya akwai tauraro mai tsini shida. Na farkon suna ɗauke da kalmar NIGERIA tare da BRITISH WEST AFRICA, daga 1912 aka cire sunan Najeriya, domin kuɗin ya zama na ƙasashe huɗu: mu, da Gana, da Saliyo, da Gambiya. Abin nema a nan shi ne aninin 1907 da wasu na 1908, waɗanda aka yi da sanholo. Yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfen. Da ka ɗaga shi za ka ji kamar ba ka riƙe komai ba. Bai jure yanayinmu ba, yana cinyewa, shi ya sa aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. Mai lafiya, wanda bai yi ramuka ba, ya fi yawancin sauran aninan daraja, kuma sau da yawa a tasa ake tsintar shi, ba a kan allo ba.

Gurbin Sarki Joji na 5 ne ke buƙatar a buɗe ido sosai, don a nan azurfa take. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta kafu a 1912, a 1913 aka fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa tsantsa, kashi 925 cikin 1,000. Sule da dala suna da bishiyar kwakwar manja a baya. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Zanen bai canja ba, girman bai canja ba, nauyin ma kusan ɗaya ne. Abin da wasu ke yi shi ne su tsoma sulen tagulla a ruwan azurfa ya yi fari, a jera shi a matsayin na azurfa. Sikeli ba zai kama wannan ba. Shekara ce ke kama shi: daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne, 1920 akwai iri-iri don a shekarar aka yi canjin, duk abin da ya biyo baya ba azurfa ba ne komai farinsa. Sannan ka duba wuraren da suka fi tudu, kuncin sarki da duwatsun kambi da ganyen kwakwar. Nan shafen ke fara gogewa, rawaya ta leƙo.

Rubutun da ke zagaye da kan Joji na 5 Latin ne a gajarce, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. D.G. na nufin da yardar Allah. REX sarki ne, ta mace kuwa REGINA. F.D. mai kare addini ne, laƙabin da Fafaroma ya ba Sarki Henri na 8 a 1521, abin mamaki kuma sarakunan suka riƙe shi ko bayan Henrin ya ɓalle daga cocin Rum. IND IMP sarkin sarakunan Indiya ne, laƙabin da aka fara ba Biktoriya. Wannan na ƙarshen yana da amfani ga mai saye: Indiya ta samu 'yanci a 1947, kuɗinmu na Joji na 6 daga 1949 ba su ɗauke da shi. Kuɗin da ke da IND IMP kuma shekararsa ta kai 1950 akwai alamar tambaya a kansa.

Sai gurbin da ake cin kasuwa da shi, na Edwad na 8. Za a ce maka, "Alhaji, wannan sarkin ko shekara bai yi ba, kuɗinsa babu shi ko a Landan." Rabin maganar gaskiya ce. Ya gaji mahaifinsa ranar 20 ga Janairun 1936, ya yi murabus ranar 11 ga Disamba na shekarar, don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da ta yi aure biyu, abin da gwamnati da cocin Ingila suka ƙi amincewa da shi. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba. Amma namu masu huji ba sa buƙatar hoto, suna kawai ake canjawa, don haka aka buga anini da ɗari da kwabo masu EDWARDVS VIII miliyoyi aka turo. Abin sha'awa ne a riƙe, musamman ga ɗan Legas, tunda mutumin nan ya zo nan a 1925 yana yarima mai jiran gado, ya aza harsashin babban cocin da ke Marina, ya hau Kano aka yi masa hawan daba. Sai dai ba abu ne mai wuyar samu ba. Idan an tsuga masa kuɗi ninki goma na kwabon Joji, ka ce albarka ka duba tasa, da wuya ka rasa wani.

Wanda kuma ya nuna maka ƙaton kuɗi mai fuskar Edwad na 8, to lambar tunawa ce ko ƙirar 'yan kasuwa, ba kuɗin kashewa ba. Dalilin yawansu na cikin al'adar naɗi. A Ingila sabon sarki kan hau mulki ne nan take da rasuwar na gabansa, amma bikin ɗora kambi a cocin Westminster, inda ake yin sa tun 1066, sai an yi watanni ana shiri. A can ake shafa wa sarki mai, a ɗora masa kambin Waliyyi Edwad, wanda aka ƙera a 1661, nauyinsa ya haura kilo 2, kuma ba a sa shi sai a wannan rana. An tsayar wa Edwad ranar 12 ga Mayun 1937, masana'antu suka riga suka cika kasuwa da lambobi da kofuna masu hotonsa da kambi, sai ya sauka. Ƙanensa Joji na 6 aka naɗa a ranar. Haka Elizabet ta gaji mahaifinta ranar 6 ga Fabrairun 1952 tana Kenya, ba a ɗora mata kambi ba sai 2 ga Yunin 1953, kuma kuɗin Ingila masu hotonta daga 1953 suka fara.

Akwai wata al'adar da ke taimakawa idan rubutu ya goge. Tun ƙarni na 17, kowane sabon sarki yana kallon kishiyar inda na gabansa ya kalla. Biktoriya hagu, Edwad na 7 dama, Joji na 5 hagu. Edwad na 8 ya kamata ya kalli dama, ya kafe sai hagu don tsagar gashinsa ta fito. Da ya tafi, aka ɗauka kamar ya bi ƙa'ida, aka juya Joji na 6 hagu. Shi ya sa Joji biyu ke kallon waje ɗaya, masu haɗa allo kuma ke yawan musanya su. Bambance su ba wuya: na 5 yana da gemu da alkyabbar sarauta har kafaɗa, na 6 ba gemu, kai ne da wuya kawai. Elizabet dama, Sarki Charles na yanzu hagu. Sannan a kuɗin ƙasashen da suka mallaka ana nuna sarki da kambi, a na gida kuwa sarakunan maza kansu a buɗe yake. Joji mai kambi na ƙasashen da aka mallaka ne irin namu, Joji marar kambi yawanci na Ingila ne.

Na Joji na 6 da na Elizabet su suka fi yawa, su suka fi araha, ba su da wata rigima. Daga 1938 sule da dala suna da wani tsagi da ya zagaye tsakiyar gefensu, an yi shi ne don masu zuba jabu, waɗanda suka addabi hukuma a lokacin. A 1952 masu huji suka koma jar tagulla. Jerin da ya fi kyau a kan allon, a ganinmu, shi ne na Tarayyar Najeriya na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da kuɗinsa: taro mai kusurwa 12 da auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwa, dala da gyaɗa. Arzikin ƙasar kafin mai ke nan a tafin hannu. Sun ci gaba da yawo da hoton Sarauniya ko bayan an zama jamhuriya a 1963, har naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, sule ya zama kwabo 10, fam ya zama naira 2. Wanda ke son nuna wa yaro ma'anar "ba ni da ko anini" ko "ko sisin kwabo", a nan zai samu abin nunawa.

Manyan kuɗaɗen biki da ake sakawa a tsakiyar allo don su cika ido su ne na naɗin 1953 mai Sarauniya a kan doki, da na tsohon Firayim Ministan Ingila Churchill na 1965, da na cikarta shekara 25 a 1977, da na auren Charles da Diana a 1981. Kowanne giram 28.28 ne, faɗinsa ya ɗan haura milimita 38. Fari ne tas, ana kuma ce masa azurfa. Ba ita ba ce. Ingila ta rage azurfar kuɗinta zuwa rabi a 1920, ta daina gaba ɗaya daga 1947. Akwai 'yan kaɗan na azurfa da aka yi wa masu tarawa, amma waɗannan a akwati suke zuwa da takardarsu, ba a manne a kwali ba. Zinariya kuwa kada a saye ta a rumfar kayan tsaraba. Fam ɗin zinariya na Ingila, irin sisin gwal ɗin da ake sadaki da shi, mai hoton mahayi yana sukar dodo, giram 7.98 ne, faɗi milimita 22, karat 22. Tagulla mai wannan faɗi da kauri ba za ta kusanci wannan nauyi ba. In ana son saye, a tafi da shi wurin maƙerin zinariya a gwada kafin kuɗi ya fita daga aljihu.

Kayan gwaji uku sun isa: ƙaramin sikelin masu gwal mai nuna ɗigo biyu bayan giram, gilashin ƙara girma, da maganaɗisu. Dalar azurfa giram 11.31 ce, sule 5.66, sisi 2.83, taro 1.41. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, amma ba zai ƙaru ba. Maganaɗisu yana kama jabun baƙin ƙarfe ne kawai, don azurfa da tagulla da gaurayen nikel duk ba sa manne masa, saboda haka rashin mannewa ba shaidar azurfa ba ce. Da gilashi ka duba gefe: kuɗin gaske bugawa aka yi, haruffansa tsaf suke, na zubi kuwa yana da layin haɗi a gefe da 'yan ƙuraje a fili. Ɗora shi a kan ɗan yatsa ka ɗan taɓa shi da wani kuɗin. Azurfa na yin ƙara mai tsawo, zubin dalma sai ka ji ƙwas. Ƙananan haruffan da ke ɓoye a jiki, H ko KN, alamar masana'antun Bamingam ne da suka buga shi, marar harafi yawanci na gidan buga kuɗin sarauta ne.

Babban aibin allunan nan aikin hannun da aka yi musu ne. Kusan duka an goge kuɗin da man goge ƙarfe na Brasso, ko lemun tsami da toka, ko tsamiya, don su yi ƙyalli a idon baƙo. Duhun da shekaru suka bari a jikin kuɗi kariya ce, kuma shi masu tarawa ke biya. Gogewa na cire shi tare da ƙananan zane, ta bar ƙarce-ƙarce da ba sa gyaruwa. Bayan haka sai a manna da gam, bayan kuɗin ya ɓoye, alhali a yawancin na Afirka ta Yamma shekarar a baya take. Allon da ba ka ga bayan kuɗinsa ba, ka sayi rabin magana. Wasu kuma a leda mai laushi ake sa su a ɗinke da ƙusar takarda. A damshin Legas, ga iskar teku mai gishiri a Lekki, ƙusar kan yi tsatsa ta ɗiga a kan kuɗin, ledar kuma ta yi gumi ta bar wani kore mai danƙo da ke cin tagulla. Da ka ga koren gari-gari a cikin haruffa, ciwo ne mai yaɗuwa, kada ka haɗa shi da masu lafiya. Wanda aka huda daga baya ko aka liƙa masa kunne don adon kitso ko sarƙa yana da nasa tarihin, amma kuɗin ƙarfensa kawai ya kamata a biya.

Don haka shawarar ita ce a bar allon, a zaɓa daga tasa, a haɗa jerin da kai. Masu rumfunan ba su da matsala da haka, mutane ne masu haƙuri, za su ba ka kujera su bar ka ka tona, kuma idan suka ga ka san sunayen kuɗin da shekarunsu, maganar ciniki kan sauko da wuri. Farashin farko na baƙo ne. Na tagulla da nikel a taya su a dunƙule, goma ko ashirin a kuɗi ɗaya. Na azurfa a yi lissafi: sulen 1913 zuwa 1919 yana ɗauke da azurfa giram 5.2, dala giram 10.5, a tambayi kuɗin giram a wurin maƙera a ranar, a ɗora wani abu a kai gwargwadon lafiyar zanen.

Idan allon ya riga ya shigo hannu, ko kyauta aka ba ka, a cire kuɗin tun kafin damina. Kada a ɓamɓare da wuƙa. A yanke kwalin da ke kewaye, a jiƙa kuɗin a asiton tsantsa, irin wanda ake samu a wurin masu sinadarai a Ojota, cikin kofin gilashi mai murfi, nesa da wuta, gam ɗin zai saki da kansa. Ruwan goge farce bai dace ba, yana da mai da turare. Sai a ɗauraye da ruwan batir marar asid, a ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe ba tare da an murza ba. A riƙa kama shi ta gefe. Kowanne a sa shi a 'yar ambulan ɗin takarda, a rubuta sarki da shekara da harafin masana'anta, a zuba su a gwangwani mai rufuwa ruf tare da ƙunshi biyu ko uku na 'yan ƙwayoyin tsotse damshi da ke zuwa a kwalin takalmi, a riƙa canja su duk bayan 'yan watanni.